Daga Baitulmali Zuwa Inshora: Jinyar Tsofaffi a Birnin Sakkwato

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda ɗawainiyar tsofaffi marasa galihu ta riƙa sauya hannu a birnin Sakkwato, tun daga kafa shi a 1809 har zuwa zamanin inshorar lafiya.

A zamanin Daular Usmaniyya, nauyin tsoho yana wuyan gidansu. 'Ya'ya da jikoki su ke ci da shi, su yi masa wanka, su kwana kusa da shi. In kuwa ba shi da kowa, shari'a ta ba shi haƙƙi cikin zakka da Baitulmali a matsayin miskini. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai sunan Baitulmali ya koma kan taskar En'e, wadda akasarin kuɗinta ke tafiya ga albashi da ayyukan hukuma. Asibiti ya zo, amma iyakar aikinsa ya ba da magani ya sallama.

A kan wannan tafarki aka gina inshora. Dokar soja mai lamba 35 ta 1999 ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, aka soma shi a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Tsohon majemi da tsohuwa mai sayar da fura ba su shiga lissafi ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, sa'an nan dokar 2022 ta ambaci tsofaffi cikin masu raunin da asusu na musamman zai biya musu. A nan jiha kuwa, Hukumar Zakka da Waƙafi tana taimakon matalauta da kuɗin magani.

Abin lura shi ne, magani daban, jinya daban. Katin inshora yana iya biyan ganin likita da ƙwayar hawan jini, amma ba ya biyan mai ɗaga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, balle mai dama masa kunu. Har yau matan gida ke wannan aiki ba ko sisi. Wanda ya rasa su, sai bara a bakin Hubbare.

Tun da jama'armu na ganin kai mahaifi gidan gajiyayyu abin kunya ne, muna ganin ya kamata a keɓe wani kaso na waƙafi da na asusun masu rauni domin biyan masu jinyar tsoho a cikin ɗakinsa.