Mota Ta Ƙwace: Tarihin Abin Tashin Hankali a Ƙagaggun Labaran Hausa

Duk wanda ya daɗe yana karatun littattafan Hausa ya san motar nan. Ita ce ke tasowa daga Kano ɗauke da amarya, ko da Alhaji a hanyarsa ta dawowa daga Kaduna, sai a tsakiyar shafi taya ta yi bindiga, mota ta ƙwace, ta yi ta adungure har ta daki bishiya. Kafin a juya shafi an kai mutum asibiti, ko an kai shi makwancinsa. Marubuci ya samu biyan bukata: kishiya ta kau, yaro ya zama maraya, ko jarumi ya manta kowa sai bayan babi goma.

Aikina karanta irin waɗannan littattafai ne a rediyo a nan Njamena, babban birnin Chadi, kuma a unguwar Habbena nake zaune. Masu sauraronmu sun kasu biyu kan wannan mota da 'yan'uwanta, wato fyaɗe da kisan kai da gobara da yaƙi. Wasu na cewa mu riƙa tsallake wuraren, wasu na cewa kada mu taɓa ko wasali ɗaya daga abin da marubuci ya rubuta. Waiwaye adon tafiya, shi ya sa na koma baya don in ga yadda magabata suka yi da wannan matsala.

Abin da na fara tararwa shi ne, tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko da zafinsa ya zo. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Shaihu Umar da Jiki Magayi. A Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, an sace yaro ƙarami, an bautar da shi, an ƙetara da shi Sahara. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, kuma ba ta daɗe da sake ganin ɗanta ba ta cika. A Jiki Magayi, na John Tafida da East, mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya rama da asiri a kan ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai sani ba. Waɗannan fa su ne littattafan da aka yi shekara da shekaru ana karanta wa yara a aji.

Ba a ga bukatar gargaɗi a lokacin ba saboda dalilai biyu. Na farko, da malami a tsaye a gaban yaran, yana ganin fuskokinsu, yana fassara musu abin da ya yi nauyi. Na biyu, duk wahalar da ke cikin labarin tana ɗauke da darasi: alhaki ba ya barin mai shi, haƙuri yana da riba. Haka ma tatsuniya take. Akwai Dodo mai cin mutane, akwai kishiyar uwa mai azabtar da marainiya, amma kaka ce ke bayarwa, a tsakar gida, da mabuɗi da marufi waɗanda ke shaida wa yaro cewa an shiga duniyar Gizo kuma an fito.

Mota ba ta zama abin tsoro a labari ba sai da ta zama abin tsoro a titi. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shigo Najeriya, aka shimfiɗa kwalta, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, 'yan kasuwa da ma'aikata suka hau Fijo. Tare da gudu sai mutuwa ta ƙaru. Cikin littattafan da suka fito a 1982 daga gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya akwai Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, wanda ya ɗauki titi da direbobi da haɗarin mota ya mai da su jigonsa. A rukunin ne kuma Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, mai cike da bindiga da zubar da jini a bayan yaƙin basasa, Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya. A lura da kyau: sai a 1988 gwamnatin Najeriya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Marubucin Hausa ya riga hukuma shekara shida wajen nuna jinin da ke kwarara a hanya.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga zamanin littattafan soyayya, waɗanda marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984. Mata suka shigo da ƙarfinsu, suka shigo da abin da a da ba ya wuce ƙofar ɗaki. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta nuna yarinya Abu da aka cire daga makaranta aka ba tsoho, Sarkin Noma, kuma ba ta ɓoye azabar daren farko ba. Ita kanta marubuciyar tana yarinya ƙarama aka yi mata aure, don haka ta san abin da take faɗi. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Sumayya ta faɗa rijiya don an hana ta wanda take so.

A wannan zamanin ne kuma haɗarin mota ya yi arha. Littafi na fitowa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma dole marubuci ya tsaya a inda mai saye zai dawo kasuwa neman ci gaba. Babu abin da ya fi motar da ta kife sauƙin yin wannan aiki. Finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana kallo a silimun Kano, sun ƙara koya mana gushewar tunani bayan buguwa a ka. Ga kuma ƙaddara, wadda ke rufe bakin mai tambaya: Allah Ya kawo, sai haƙuri. Ba safai irin wannan labari ke gaya maka ko direban bai yi barci ba kwana biyu, ko tayar ta suɗe, ko an yi lodin mutum goma a motar mutum bakwai ba.

Ba a yi shiru a kan littattafan ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suka kare su, aka yi ta fafatawa a jaridu, musamman a shafin adabi na Ibrahim Sheme a New Nigerian. An zargi rijiyar Sumayya da koya wa 'yan mata hallaka kai. Wannan zargi ba a kanmu farau ba, domin a ƙasar Jamus an yi wa Goethe irinsa kan labarin saurayi Werther na 1774, har birnin Leipzig ya haramta littafin. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007 aka tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka ƙone a bainar jama'a, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A 2008, lokacin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim a hukumar, aka nemi marubuta su yi rajista su kuma miƙa rubutunsu a duba, abin da ya jawo takaddama da ƙungiyar marubuta.

In mutum ya bi wannan muhawara daga farko zuwa ƙarshe, zai ga tambaya ɗaya ta mamaye ta: shin littafin zai ɓata tarbiyya? Ana tsoron abin da mai karatu zai aikata bayan ya karanta. An yi ƙarancin mai tambayar halin da wanda abin ya riga ya faru a kansa zai shiga, wato macen da aka yi wa daren Abu, ko uban da ya ɗauko ɗansa daga gefen kwalta. Ko Kano ba ta tsira daga wannan ciwo ba. Balaraba Muhammad, tauraruwar fim, a haɗarin mota ta rasu a 2003 tana amarya, Ahmed S. Nuhu kuma a ranar 1 ga Janairun 2007 a Azare. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titunan duniya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma a wannan faɗa masu ruwa a ciki suna da yawa.

Mu a Chadi littattafan nan ta mota suka riƙa iso mana, daga Kano zuwa Maiduguri, a bi Gamborun Ngala, a shiga Fotokol ta Kamaru, a zo Kuseri, a haye gadar Ngeli. Hausawan nan da yawa jikokin mahajjata ne da fatake da suka bi hanyar gabas ta ƙasa suka yada zango, tun garin yana Fort Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Wannan birni ya ga yaƙi a cikin unguwanni a 1979 da 1980, jama'a suka haye ruwa zuwa Kuseri. Ya sake gani a ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008. A watannin Yuni da Yulin 2015 bama-bamai sun tashi, har da na ƙofar babbar kasuwa. Ga 'yan kilando, masu haya da babur, da manyan motoci suna gogayya a titi ɗaya kullum. Idan marubucin Kano ya rubuta ƙarar bindiga don labari ya yi armashi, a nan akwai gidajen da ke jin ta kamar jiya aka yi.

A nan rediyo ya bambanta da littafi. Mai littafi a hannu yana iya hango abin da ke tafe, ya tsallake shafi, ko ya rufe ya ajiye sai gobe. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Rediyo na kan tabarma, uwa na tankaɗe, yara na kusa, maigida na jiran a zuba tuwo, sai murya ta shigo da gawa cikin gida ba sallama. Magana kuwa zarar bunu ce. Wata dattijuwa a unguwarmu, wadda babbar mota ta take ɗanta a kan babur, ta taɓa ce mini: "Ɗan nan, ban ce ku daina ba, labarin yana ɗebe mini kewa. Ku dai riƙa faɗa mini da wuri in miƙe in ɗauro alwala kafin motar ta iso." Na ce, "In Allah Ya yarda, Inna."

Abin da ta roƙa ba baƙo ba ne a wurinmu. Bahaushe ba ya faɗin mutuwa gatsau. Akan nemi babba a aika, ya yi sallama, ya zauna, a gaisa. Ya ce jikin wane ya yi tsanani, ya yi nasiha da haƙuri, sannan ya sauke nauyin. Ba ya ƙarya, ba ya rage komai daga gaskiyar, amma yana ba zuciya lokacin da za ta nemi madogara. A jami'o'in Amurka an yi ta cacar baki wajen 2014 kan sanya gargaɗi a gaban littattafai masu tayar da hankali, kuma wani nazari da aka buga a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa gargaɗin ba ya rage zafin abin ga wanda ya ci gaba da karantawa, yana ma iya ƙara fargaba kafin a kai wurin. Na yarda da haka. Mai kai saƙon mutuwa ma ba ya rage zafin rashi. Abin da yake bayarwa shi ne mutuntawa, a rediyo kuma har da zaɓi: uwa ta kora yara waje, mai tabo ya rage murya na minti biyar.

Don haka a shirinmu ba ma yanke babi, sai dai mu sanar a farkon karatu cewa na yau akwai haɗari ko rasuwa a ciki. Wuri ɗaya nakan taƙaita da bakina, shi ne bayanin dalla-dalla na yadda wani ya hallaka kansa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci 'yan jarida su guji bayyana hanyar. Da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Da ana cire abu don yana da zafi, da ba a ji shi ba, da Shaihu Umar ma bai kai gare mu ba.

Roƙona ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad a yau, shi ne ku ji nauyin motar nan kafin ku tayar da ita. In labari ya kai ku ga haɗari, ku rubuta shi da gaskiyarsa: me ya jawo shi, wa ya tsaya ya taimaka, nawa aka nema a asibiti, yaya gidan ya kasance bayan sadakar arba'in da baƙi suka watse. In kuwa kishiya ce kawai ta tsaya muku a wuya, ku nemo mata wata hanyar fita. Wanda zai karanta muku, ko ya saurare mu muna karantawa, mai yiwuwa bara warhaka ya yi zaman makoki a kan irin abin da kuka gama da shi a layi uku.

Allah Ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kai matafiya gida lafiya.