Hanyar Ruwa a Taswirar Abuja

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta samar da sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Abin da ake gudu shi ne halin da Legas ta shiga na cunkoso da ƙarancin fili. Yankin da aka zaɓa kuwa yana da masu shi. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa sun daɗe suna noman doya da dawa a tsakanin duwatsunsa. Sunan ma aro aka yi daga masarautar Abuja, wadda ta koma Suleja. Darasin da tarihin birnin ya bari shi ne, ba a iya kare ƙorama da itace a garin da bai tanadar wa talaka wurin kwana ba.

Kamfanin International Planning Associates na Amurka ne ya miƙa babbar taswirar birnin a 1979. Cikin waɗanda suka haɗu a kamfanin akwai ofishin Ian McHarg, masanin da ya shahara da ra'ayin cewa a fara karanta ƙasa kafin a ɗora mata gini. Shi ya sa aka zana birnin a lanƙwashe daga gindin Dutsen Aso, yana bin filayen Gwagwa, aka kuma raba ginin mataki huɗu. An bar kwazazzabai da bakin rafuka da kawunan duwatsu ba gini. Masu wucewa na ɗaukan waɗannan wurare a matsayin ado, alhali aiki suke yi: su ke kwashe ruwan damina, su ke rage zafi, kuma gangarensu ne bututun ƙazanta ke bi har matatar Wupa. Duk wanda ya cike kwari ɗaya ya toshe magudanar unguwa guda.

Matsalar ta bayyana sosai bayan Janar Ibrahim Babangida ya tare a birnin ranar 12 ga Disambar 1991. Ma'aikatu sun ƙaura da gaggawa, gidaje ba su isa ba, fili a Maitama da Asokoro kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Magina da direbobi da masu gadi, waɗanda guminsu ya tayar da birnin, sai suka nufi Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe, har Mararaba a jihar Nasarawa, inda gini ya riga titi da magudana zuwa. A cikin gari kuma fuloti ya zama haja, aka riƙa yanka filayen shaƙatawa ana raba wa masu uwa a gindin murhu. Sakamakon a fili yake. Lokogoma ta sha ambaliya, ruwa ya shanye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe a Yunin 2023, Mpape kuwa ta cika da mutane a gefen wuraren fasa dutse.

Wani zai ce taswirar ta tsufa, an zana ta ne domin mutum miliyan uku da 'yan kai, don haka rashin tausayi ne a hana gini saboda ciyawa alhali jama'a na neman matsuguni. Gaskiya ne tsari ba wahayi ba ne, ana iya sauya faɗin titi ko tsawon bene. Amma gangaren ƙasa bai sauya ba tun 1979, kuma yawan kwano da kwalta ƙara wa ruwa gudu yake yi. Sannan gine-ginen da suka cinye filayen tsakiyar birni galibi kantuna ne da gidaje masu tsada, ba ɗakunan talakawa ba. Wani kuma zai ce maganin shi ne rusau, kamar yadda Malam Nasir El-Rufai ya yi yana minista daga 2003 zuwa 2007. Ya ƙwato filaye da dama, ya kafa hukumar AGIS domin tsabtace takardun mallaka, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai mutanen da aka tasa daga irin su Karmo ba su ɓace ba. Sun matsa gaba ne, da yawansu suka sauka inda fili ya fi araha, wanda sau da yawa fadama ce. Katafila tana samun mai gini, ba kasafai take samun wanda ya sa hannu a takardarsa ba.

Saboda haka kare muhallin Abuja da samar da gidaje aiki ɗaya ne. Ya kamata a wallafa taswirar kowace ƙorama da iyakarta, yadda mai sayen fili zai sani kafin ya biya. A hukunta jami'in da ya ba da fuloti a hanyar ruwa kamar yadda ake hukunta magini. A buɗe filaye masu araha, da titi da famfo, kusa da layin dogo a Idu da Kubwa, a kuma tsara Mararaba da Suleja tare da jihohin Nasarawa da Neja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matakan birnin na uku da na huɗu ba su gama cika ba, kuma a can ne har yanzu ake da damar ware hanyar ruwa kafin a haƙa harsashi.