Fatauci Da Harshen Waƙa

A zamanin da, kafin zuwan jirgin ƙasa, babu tafiyar da Hausawa suka sani kamar tafiyar Gwanja. Fatake kan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jar fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, har su isa Salaga inda ake cinikin goro. Tafiyar takan ci watanni. Kowane ayari yana da madugu, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki. Kowa kuwa ya san wanda ya bar gida ba guzuri, ko ya yi nauyin barci a zango har ayari ya tashi, to ya shiga uku, gama daji ne, ga 'yan fashi, ga namun dawa.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka tashi wa'azi a ƙasar Gobir, tun kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, sai suka tarar yawancin mutane ba su jin Larabci. In ba a sami hanyar da magana za ta shiga kunnensu ba, to wa'azi ya faɗi ƙasa banza. Saboda haka malamai suka dinga tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, suka kuma ɗebo kalmomi daga abin da talaka ya sani. Kalmomin fatauci na cikin waɗanda aka ɗebo.

A duba kalmar guzuri. A bakin falke ma'anarta kilishi ce da dakuwa da garin gero. Amma in mawaƙi ya ajiye ta kusa da kabari, sai ta tashi daga nan ta koma salla da sadaka da gaskiya. Kalmar ba ta sake ba, maƙwabciyarta ce ta sake, ita ce kuwa ta ja ta zuwa sabuwar ma'ana. Tushen wannan yana cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, inda aka kamanta tsoron Allah da guzuri.

To, me ya sa mawaƙi bai ce abinci ba? Don abinci a gida ake cinsa, in ya ƙare a sake dafawa. Guzuri kuwa tun kafin a tashi ake haɗa shi, in an kama hanya ba a komowa ɗaukarsa. Haka nan ya kira duniya zango, bai ce gida ba, gama zango kwana ɗaya ake yi a cikinsa, da asuba a ɗaura kaya, wani ayari ya zo ya sauka. Watau kowace kalma tana zuwa da nata kayan, gwani shi ne wanda ya san wadda kayanta suka dace da nufinsa.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kai abin har wajen takarda. Matan da ta naɗa su bi ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu waƙoƙinta, kowace ana ce da ita jaji, jaji kuwa sunan shugaban ayari ne.

Yaƙin basasa ya rushe kasuwar Salaga a 1892. Jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko, hanyar Gwanja ta mutu. Amma kalmomin ba su mutu tare da ita ba. Yaron da bai taɓa ganin ayari ba, in ya ji an ce wane ya yi guzurin lahira, ba ya tambayar ko kilishi ne ko dakuwa.