Yadda Aka Gano Cutar MERS a Jidda

Idan ka sauke farali bayan 2012, ka ji ana gargaɗi kan raƙuma da ɗanyen nononsu. To, ka san daga ina zancen ya taso?

A watan Yunin 2012 aka kwantar da wani mutum ɗan shekara 60 daga garin Bisha a asibitin Soliman Fakeeh da ke Jidda. Zazzaɓi, tari, numfashi da ƙyar, daga baya ƙoda ta tsaya, ya rasu. Dakta Ali Mohamed Zaki, Bamisire, ya gwada kakinsa da gwaje-gwajen mura da aka saba, babu komai. Wani da nan zai rufe fayil. Shi kuwa sai ya zuba kakin a kan ƙwayoyin ƙodar biri da ake rainonsu a ɗakin gwaji, ya ga suna lalacewa. Akwai abu ke nan.

Ya aika samfurin Rotterdam, wurin Ron Fouchier. Can aka karanta rubutun halittar bairos ɗin, haruffa kusan 30,000, aka jera shi da na sauran. Ashe dangin korona ne, amma ba SARS ba. Makusantansa na jikin jemagu ne. Amfanin karatun nan, da zarar an san haruffan, sai a haɗa gwajin da zai kama shi ko'ina. A watan Satumba Zaki ya sanar da duniya ta ProMED, cikin kwanaki aka gane irinsa a jikin wani ɗan Ƙatar da ke jinya a Landan. Sunan MERS sai 2013 aka raɗa.

Wurin da ya fi taɓa ni, a matsayina na nas, shi ne Zarƙa ta Jodan. Da aka koma kan samfuran da aka ajiye tun Afrilun 2012, sai aka gano cutar ta riga ta kashe mutum biyu a can, ɗaya nas ce. Ta yi jinyar abin da ko suna ba shi da shi.

Kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar sun kamu sun rasu. A 2015 matafiyi ɗaya ya kai ta Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu.

Mu ma fa ba mu fita ba: an samu bairos ɗin a raƙuman mayankar Kano, ko da yake haruffan na Afirka sun ɗan bambanta da na Larabawa. Don haka in za ka raka Hajiya Umra, aka tsaya gefen hanya ana tatsar taguwa, a tafasa kafin ta sha.