Daga Kundin En'e Zuwa Rumbun Bayanai

Tsakanin 1964 da 1968, lokacin da ake gina madatsar Kainji, an tayar da mutane sama da 40,000 daga tsibirai da bakin kogin Neja, ciki har da Gungawa da Kambarin ƙasar Yauri. Komai da alƙalami ake yinsa a wancan zamani. Malamin harajin En'e kuwa ba ya buɗe kundi daga shafin farko idan yana neman mutum. Gunduma yake fara tambaya, sai ƙauye, sai mai unguwa, kafin ya zo kan suna. Da tambaya uku ya riga ya tsallake dubban mutane.

A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin jera bayanai a teburi masu alaƙa da juna, wanda bankuna da hukumomi ke amfani da shi har yau. Cikin shekarun ne kuma aka ƙera fihirisar da ke kai inji kan layin da ake nema kai tsaye, dabarar da malamin haraji ya daɗe da sani.

Irin wannan rumbun bayanai ya iso mu da ƙarfi bayan an ƙaddamar da lambar banki ta BVN a 2014. A Nuwamban 2015 aka buɗe shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi, sai ga manoman Wara da Shanga da Bin Yauri a layi ana ɗaukar hoton yatsunsu. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Nan jama'a suka haddace amsa ɗaya: "Babu netwok, Baba, a dawo gobe."

Wani lokacin gaskiya ne. Amma sau da dama layin lafiyarsa lau, rumbun ne ya shaƙe. Dattijo ya biya kuɗin jirgin ruwa ya tsallako Yelwa tun da asuba, ma'aikaci ya buga sunansa, alamar jira tana ta juyawa a fuskar kwamfuta, alhali can injin yana karanta miliyoyin layuka ɗaya bayan ɗaya, don ba a yi wa gurbin suna fihirisa ba. Sunayenmu ma ba sa taimakawa. Muhammad Abubakar nawa ne a masarautar Yauri kaɗai? Ga tarin waɗanda ba su da takardar haihuwa, aka rubuta musu 1 ga Janairu. Neman mutum da suna da ranar haihuwa a irin wannan rumbu, neman allura ne cikin ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da ake yi a ce a sayo babban inji. Gwani yakan fara da duba hanyar da injin ya bi wajen amsa tambayar: ya bi fihirisa ne, ko kwashe teburin ya yi gaba ɗaya? Daga nan ya duba ko wani aiki ne ya riƙe teburin ya hana saura motsi. Sau da yawa mai haɗa rahoton ƙarshen wata ne ya saki tambayar da ke tattara duk manoman jiha da tsakar rana. Tun shekarun 1990 manyan kamfanoni suka koma ware wa masu nazari rumbunsu daban, ana kwafa musu bayanai da dare, don kada lissafinsu ya tsayar da mai jira a taga.