Sunaye a Kan Allo: Yadda Babbar Manhajar Kwamfuta ta Iso Gammo

Bayan na kammala digirina na farko, na yi zango biyu ina koyarwa a matsayin ɗan sa-kai a wata makarantar sakandare da ke yankin Gammo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, yamma da birnin Kano idan aka bi hanyar Gwarzo. A mako na huɗu jadawalin darussa ya kawo mu kan babbar manhajar kwamfuta, wato manhajar da ke riƙe da ragamar na'ura baki ɗaya, wadda sai da izininta sauran manhajoji suke aiki. Na ɗauki alli na rubuta sunaye huɗu a kan allo: MS-DOS, Windows, Unix, Linux. Ɗalibai suka kwafa. Na ce su maimaita, suka maimaita da murya ɗaya kamar ana biya karatun allo. Ina cikin sauraronsu sai na tuna cewa haka aka koya mini, da waɗannan sunaye, a wannan jeri, ba tare da na taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu yana aiki ba. Tun daga ranar nake bibiyar inda wannan jeri ya samo asali, da dalilin da ya sa sunayen suka riga na'urar isowa ƙauyukanmu da shekaru masu yawa.

Kwamfuta ba baƙuwa ba ce a Nijeriya kamar yadda ake zato. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan, a lokacin da na'ura guda take cika ɗaki, ana ciyar da ita da katuna masu huji. Ita kanta babbar manhaja a wancan zamani jaririya ce. A 1956 ne injiniyoyin kamfanin General Motors da abokan aikinsu a Amurka suka tsara wa na'urar IBM 704 wata manhaja da aikinta bai wuce ta ɗauko aiki na gaba idan na baya ya ƙare ba, domin kada na'ura mai tsada ta zauna tana jiran ɗan Adam. Matsalar da ta haifi fannin ke nan: abu ɗaya ne mai daraja, masu buƙatarsa suna da yawa, to wa zai raba? Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, da MS-DOS da ya zo tare da kwamfutar IBM ta kan tebur a 1981, duk amsoshi ne daban-daban ga wannan tambaya.

Makarantun sakandare kuwa sai a ƙarshen 1987 aka waiwaye su, lokacin da Ministan Ilimi, Farfesa Jibril Aminu, ya kafa kwamitin da ya fitar da manufar ƙasa kan ilimin kwamfuta a 1988. Burin da aka rubuta shi ne a samu al'umma mai sanin kwamfuta kafin tsakiyar shekarun 1990. Aka fara da kwalejojin gwamnatin tarayya, da niyyar sauran makarantu su biyo baya. Ba na cikin masu yi wa wannan manufa dariya. Waɗanda suka rubuta ta sun hango abin da mutane da yawa ba su hango ba. Sai dai ta ɗauka cewa akwai wutar lantarki, akwai ɗaki mai ƙofa da makulli, akwai malamin da ya san na'urar. Jihar Kano ta riga ta nuna cewa tana iya ɗaukar kimiyya da muhimmanci, tun da ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, amma waɗannan na zaɓaɓɓu ne da suka ci jarrabawar shiga. Makarantar jeka-ka-dawo ta karkara ba ta samu na'ura ba. Abin da ya iso mata shi ne littafi, littafin kuma an rubuta shi ne a zamanin da MS-DOS yake mulki. Daga nan jerin ya fito, kowane sabon bugu ya ƙara suna a ƙasa bai goge na sama ba. Littafin da na tarar a makarantarmu yana ɗauke da hoton fuskar Windows XP, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun watan Afrilu na 2014.

A ganina shekarar 2007 ce ta fi kowace cancantar a tsaya a kanta, ko da yake ba a ambaton ta a aji. A shekarar ne aka raba wa 'yan makarantar firamare ta Galadima, a gefen Abuja, ƙananan kwamfutoci koraye na shirin nan na Nicholas Negroponte mai burin kowane yaro ya mallaki tasa. Linux ce a cikinsu. A watan Oktoba na shekarar kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya sanar da cewa ya samu cinikin sanya tasa Linux ɗin a kwamfutoci 17,000 ƙirar Classmate na kamfanin Intel, waɗanda za a kai makarantun Nijeriya. Ba a jima ba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana kokawa cewa an shaida masa za a biya shi kuɗin manhajarsa, amma daga baya za a goge ta a zuba Windows. Microsoft ya musanta cewa ya yi wani abin da bai dace ba. Bayan 'yan kwanaki aka ruwaito cewa asusun USPF, wanda yake biyan kuɗin 11,000 daga cikin na'urorin, ya fi son a bar Linux ɗin yadda take.

Ba wanda ya yi nasara ne ya dame ni ba. Abin lura shi ne, manyan kamfanoni daga nahiyoyi biyu sun yi sa-in-sa a bainar duniya kan abin da ɗan Nijeriya mai shekara goma zai fara gani idan ya kunna na'ura, domin sun san hannun da ya saba da abu yana yaro shi zai nema idan ya girma ya zama mai sayen kayan ofis. Mu kuwa da 'ya'yan namu ne, mun ɗauki batun a matsayin tambaya mai maki biyu a jarrabawa. Har batun harshe ma daga can aka yanke shi: a zamanin Windows Vista da Windows 7 Microsoft ya fitar da fassarar fuskar manhajarsa zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo, kyauta, amma ni dai na gama sakandare a ƙasar Hausa ban san da ita ba.

Daga baya sai jarrabawa ta tilasta abin da manufa ta kasa. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Ni ina cikin rukunan farko da abin ya shafa. Makonni kaɗan kafin ranar na fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, a wani shago da ake biya bisa awa, kuma na tuna yadda kibiyar take guje mini a fuskar na'urar. Na iya lissafa nau'o'in babbar manhaja guda biyar ba gargada, amma ban san inda ake dannawa a koma tambayar baya ba. Ɗan birni da muka zauna kusa da juna bai fi ni sanin lissafi ba. Ya fi ni minti goma da na ɓata ina kokawa da na'ura.

Duk wannan lokaci akwai wani tarihin da yake tafiya ta bayan gida. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai shekara 21, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, ya sake ta ga duk mai so ya duba cikinta ya gyara. A 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. A 2008 Google ya fitar da Android, wadda aka gina a kan zuciyar Linux. Da wayoyin Tecno da Itel da Infinix suka yi araha, sai ga jikar aikin ɗalibin nan na Finland a aljihun manomin albasa da mai sayar da shayi. Ba kwamiti, ba bikin ƙaddamarwa.

Ban gano haka da kaina ba. A mako na biyar na sake darasin, ina ƙoƙarin bayyana cewa na'ura ba tare da babbar manhaja ba ƙarfe ne kawai, sai wani yaro da yayansa yake gyaran waya a Gwarzo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba ita ce ake zuba wa waya ba idan an yi mata filashin?" Ita ce kuwa. Ya san yadda waya take tsayawa a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa, ya san ana kai masu wuyar sha'ani kasuwar Farm Centre a Kano, ya san idan aka zuba wadda ba tata ba sai ta mutu gaba ɗaya. Ya fi littafinmu sanin darasin, bai dai taɓa zaton cewa abin da ake yi a rumfar yayansa yana da alaƙa da sunayen da ke kan allo ba.

Daga nan ajin ya buɗe. Na tambaye su wa yake raba wuri a kasuwar Getso, wa yake hana wani ya shimfiɗa kayansa a gurbin wani, wa ake kai wa ƙara idan an saɓa. Suka ce sarkin kasuwa. Na ce to haka babbar manhaja take raba ma'adana tsakanin manhajoji. Na tambaye su wa yake faɗin motar da ke kan layi a tasha. Ga rabon lokaci ke nan, matsalar da injiniyoyin 1956 suka fara da ita. Na ciro wayata na nuna musu jerin manhajojin da suke aiki a ɓoye, muka kashe wasu, suka ga yadda ta yi sauƙi.

Kada na yi ƙarya da nasara. Dokar makaranta ta hana zuwa da waya, kuma tana da hujjarta. Waya ɗaya ce, tawa, a gaban yara sama da sittin. Da na tambayi waɗanda suke taɓa babbar waya a gida, hannayen da suka tashi kusan duk daga ɓangaren maza ne. Wata yarinya daga layin baya, wadda ta fi kowa maki a gwajin farko na haddar sunaye, ta ce wayar gidansu tana hannun yayanta, kuma ba ya ba ta. Sabuwar hanyar tawa ta ɗaga wasu, ita kuwa ta mayar da ita baya, alhali JAMB ɗin da ke jiran su ɗaya ce, a gaban kwamfuta mai linzami, ba waya ba.

A jarrabawar ƙarshen zango na sa tambayar da aka gada, cewa a kawo misalai huɗu na babbar manhaja, domin irinta za su tarar a gaba. Na ƙara wata a ƙasa: a bayyana aikinta da misali daga garinmu. Yarinyar nan ta jero sunayen huɗu daidai. A tambaya ta biyu ta rubuta cewa babbar manhaja kamar uwargida ce ranar suna, ita ta san tukunyar da za a fara ɗorawa da kwanon da za a fara zuba wa. A ƙarƙashin amsar, da ƙananan haruffa, ta tambaya ko zan zo da wayar ranar karɓar sakamako ta riƙe da hannunta.