Yadda amfilifaya ta shiga mota

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan sauti don ya saya wa motarsa amfilifaya, wato na'urar nan mai ƙara wa lasifika ƙarfi, ya ga manyan lambobi a jikin kwalaye: wat 1,000, wat 2,000. To, kafin a yarda da waɗannan lambobi, yana da kyau a san daga ina aka taso, domin tarihin sauti a mota kusan duk kokawa ce da batir.

A shekarar 1930 ne kamfanin Paul Galvin da ɗan'uwansa Joseph, a birnin Shikago na Amurka, ya fara sayar da rediyon mota mai suna Motorola. Kuɗinta ya haura dala 100, a zamanin da dala 500 da ɗoriya ke sayen sabuwar Ford. Abin da ke ƙara sauti a cikinta wasu kwalaben gilashi ne masu kama da ƙwan fitila, kuma suna buƙatar wuta mai ƙarfin bolt sama da 100, alhali batirin motar wancan lokaci bolt 6 kawai yake bayarwa. Da farko sai an ɗauko ƙarin batura. Daga baya aka samo dabarar wani ɗan ƙarfe mai karkarwa, yana yanke wuta yana haɗawa da sauri, taransifoma kuma ta ɗaga ƙarfin.

Taransista, wadda aka ƙirƙiro a Bell Labs a 1947, ita ce ta kori kwalaben. A 1955 kamfanonin Chrysler da Philco suka fito da rediyon mota mai taransista zalla. Sai dai fa matsalar batir tana nan daram. Ko da motoci suka koma bolt 12, lissafi bai ba rediyo damar tura wa lasifikar mota fiye da kimanin wat 20 na tsaftataccen sauti ba. Har yau haka abin yake, ko da kuwa an rubuta 50 a goshin rediyon.

Wannan ne ya haifar da amfilifaya mai zaman kanta, wadda ake ajiyewa a but ko ƙarƙashin kujera. A 1973 wani Ba'amurke, Jim Fosgate, ya fito da tasa a jihar Arizona, yana cikin na farko-farko. Sirrin irin na yau shi ne suna da sashen da ke ɗaga bolt 12 ɗin nan ya ninka kafin ya isa ga lasifika. Kusan dabarar ƙarfen nan ce mai karkarwa, sai dai yanzu taransista ke aikin, sau dubbai a daƙiƙa guda.

Amma na'ura ba ta ba da wutar da ba ta sha ba. Mai saye ya duba fiyus ɗin da ke jikinta: in na amfiya 30 ne, a ninka da bolt 14 na mota mai tafiya, za a samu wat 420, shi ma wani kaso zai tafi a zafi. To ina wat 2,000? Lambar da ke kusa da haruffan RMS ita ce ta ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa. Waccan babbar ta kwali, a ganina, ado ce.

Na'urar sarrafa sauti kuwa, wadda ake kira DSP, wata damuwa ta zo magancewa. Direba ba a tsakiya yake zaune ba, lasifikar gefensa ta fi kusa da kunnensa. Sauti na tafiyar kimanin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka na'urar kan ɗan jinkirta lasifikar kusa, har muryar mawaƙi ta iso daga dama da hagu a lokaci guda, kamar yana tsaye a gaban sitiyari.